Jawabi Kan Fita Waje Neman Magani Da Takardar Inshora

Jawabin wannan wata ya shafi wani al'amari da a da sai a birni ake jin labarinsa, amma yanzu ya shigo har ƙauye. Wato fita ƙasar waje neman magani.

Kowa ya san manya sun daɗe suna fita. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi jinya a Jidda ta ƙasar Saudiyya daga watan Nuwamba na 2009 zuwa Fabrairu na 2010. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a Landan a 2017, kuma a can Allah Ya yi masa rasuwa a watan Yuli na 2025. To, irin waɗannan suna da masu ɗaukar nauyinsu. Wanda ya fi bukatar jin wannan magana shi ne talaka. Wato manomin da ciwon ƙoda, ko ciwon daji, ko ciwon zuciya ya kama, 'yan'uwa suka zauna suka ce a sayar da gona da shanu a kai shi Masar ko Indiya.

Niyyar 'yan'uwan nan mai kyau ce, ba mai zarginsu. Sai dai sau da yawa kuɗi kan ƙare aiki bai ƙare ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne rashin fahimtar wata takarda da ake kira inshora.

Mene ne inshora? Yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, wanda tsautsayi ya afka wa a cikinsu sai a biya masa. Ta ɗan yi kama da adashi, amma akwai bambanci. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A inshora kuwa sai wanda abu ya sama. Kuma akwai sharaɗi babba: kamfani yana ɗaukar nauyin abin da bai riga ya faru ba ne. Ba wanda zai yarda ya yi wa rumbu inshora bayan wuta ta riga ta kama shi.

A nan ne mutane ke yin kuskure. Akwai ƙasashen Turai 29 da suka haɗa kai suna ba da biza iri ɗaya, ana kiranta bizar Shengen. Jamus da Faransa da Italiya duk suna ciki. Duk mai neman wannan biza dole ya nuna takardar inshorar tafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Yuro shi ne kuɗin yawancin ƙasashen. Dole kuma takardar ta yi aiki tun daga ranar shiga har ranar fita.

Da mai jinya ya ga an rubuta 30,000 a takarda, sai hankalinsa ya kwanta. Sai ya ɗauka kuɗin aikin da za a yi wa ɗan'uwansa ke nan. Ba haka ba ne ko kaɗan. Inshorar tafiya tana biyan abin da ya sami mutum ba zato bayan ya tashi. Misali ya zame a matakala ya karye, ko mota ta buge shi, ko wani zazzaɓi ya kayar da shi a can. Tana kuma biyan kuɗin dawo da shi gida idan ya jikkata, ko dawo da gawarsa. Amma ciwon da ya baro gida da shi, wanda saboda shi ya yi tafiyar, galibin irin waɗannan takardu ba sa biyan ko sisinsa. A rubuce yake a jikin takardar, cikin ƙananan baƙaƙe da Turanci, inda ba kowa ke dubawa ba.

A ɗauki misali. Wani dattijo yana fama da ciwon ƙoda, an kai shi waje da inshorar tafiya. Likitoci sun yi aiki, sai ciwon ya rikice, aka kwantar da shi mako uku a ɗakin kulawa ta musamman. Ɗansa ya miƙa takardar inshora. Kamfani zai duba ya ce wannan ciwon tsoho ne, ya samo asali tun kafin tafiya, don haka ba ya cikin yarjejeniya. Asibiti kuma ba zai yafe ba. Daga nan sai waya gida, a sayar da abin da ya rage.

Wasu kan ce to a ɓoye ciwon mana lokacin cike takarda. Wannan dabara ba ta ɓullewa. Kafin kamfani ya biya, sai ya nemi rahoton likita, kuma likita yana gane tsohon ciwo. Da zarar an gano an yi ƙarya, kamfani yana da ikon soke takardar baki ɗaya. An yi asarar kuɗi, an kuma zubar da mutunci.

Akwai dai wasu kamfanoni masu sayar da inshora ta musamman ga masu fita jinya, wadda ke biyan matsalar da ta biyo bayan aiki. Ta fi tsada, kuma sai an tambaya. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a nemi wani amintacce mai jin Turanci ya zauna ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. A tambayi kamfani ƙarara: ko za ku biya idan wannan ciwon da muka faɗa muku ya tashi? Ko za ku biya kuɗin dawo da gawa idan wannan ciwon ne ajali? Amsar da suka bayar su rubuta ta. Maganar baki ba ta zama hujja a ƙasar wasu.

Kada a manta da mai rakiya. Shi ma yana bukatar tasa takardar, domin shi ma ɗan Adam ne, kuma a wurinsa ne ma inshorar tafiya ta fi amfani.

Sai batun dillalai. Akwai masu zagaya asibitoci suna cewa za su haɗa wa mutum komai, daga biza har likita. Wasu na gaskiya ne. Wasu kuwa takardar jabu suke bugawa a kwamfuta. A Nijeriya hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi sunanta NAICOM. Kamfanin da ba ya cikin rajistarta, a guje shi. Ya fi kyau mutum ya je ofishin kamfani da ƙafarsa ya karɓi rasit. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai wadda ake kira Takaful, da aka gina bisa tsarin taimakon juna na Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013.

Katin inshorar lafiya na gida fa? An fara shirin NHIS a 2005, sa'an nan a 2022 aka yi sabuwar doka, aka mai da shi hukumar NHIA. Jihohi irin su Kano da Kaduna ma suna da nasu hukumomin. Katin yana da amfani ƙwarai, amma yana aiki ne a asibitocin da aka amince da su a cikin ƙasa. Ba a shiga da shi asibitin Alƙahira ko na Delhi.

Tun da inshora ba za ta biya kuɗin jinyar ba, ke nan daga aljihun dangi zai fito. To a yi lissafi tun a gida. Asibitin waje yakan aiko da takardar ƙiyasin kuɗi bayan ya ga rahoton likitan gida. Ƙiyasi ne kawai, yana iya ƙaruwa. Babu kuɗin jirgi a ciki, babu na masauki, babu na abinci, wani lokaci babu na tafinta. Bayan an sallami majinyaci, likita kan ce ya zauna kusa na wasu makonni ana duba shi, kuma kowace rana kuɗi ce. Ga kuma canji. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi lissafi da tsohon farashi sai ya ga kuɗinsa sun narke. Bankuna suna da takardar da ake kira Fom A ta biyan kuɗin asibitin waje. Biya ta banki kai tsaye zuwa asusun asibiti ya fi miƙa wa dillali kuɗi a hannu.

Kowace ƙasa da sharuɗɗanta. Ingila ba ta cikin Shengen. Tana neman wasiƙar likita da shaidar cewa mutum zai iya biya, kuma asibitin gwamnatinta yana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinya. Indiya tana da bizar jinya, kuma 'yan rakiya biyu take yarda su bi majinyaci. Tana kuma neman katin allurar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda za a yi wa dashen ƙoda a can sai ya tafi da mai ba shi ƙodar, kuma sai wani kwamiti ya binciki dangantakarsu. Sayen ƙoda laifi ne a Indiya, laifi ne a Nijeriya.

Kafin duk wannan, a fara zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, a Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Maiduguri, a ga babban likitan ciwon. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Wani aikin da ake haye teku dominsa ana yin sa a gida. Idan likita ya ce lalle sai an fita, a roƙe shi ya rubuta cikakken rahoto. A kuma tambaye shi wa zai ci gaba da duba majinyacin idan ya dawo, da kuma nawa magungunan za su riƙa ci a wata. Wanda aka yi wa dashen ƙoda zai sha magani ne muddin ransa, kuma wannan kuɗin ma sai an sa shi cikin lissafi kafin a kira mai sayen gona.