Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Zancen Sutura Mai Ɗorewa

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tafoki da sauran masu saurarenmu na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mai tuƙa tuwo ta ci gaba da tuƙi, mai ɗinkin hula kada ta ajiye allura, kunne kawai nake roƙo.

Yau zancen sutura za mu yi, kuma 'yar yayata ce ta jawo shi. Tana karatu a Zariya, sai aka zaɓe ta cikin matasan da suka je ziyarar musaya a Akra, babban birnin Gana. Ziyarar musaya ita ce a tara samari da 'yan mata na ƙasashe dabam-dabam su zauna tare na 'yan kwanaki, kowa ya koyi wani abu wurin ɗan'uwansa. Abin da suka je koyo shi ne sutura mai ɗorewa, wato tufafin da yin su ba ya ɓata ƙasa da ruwa, ba a zalunci mai ɗinka su ba, kuma ana daɗewa ana mora.

Ta ce mini, "Inna, an kai mu kasuwar gwanjo ta Kantamanto, na ga abin da ya hana ni barci." Masu bincike sun ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar nan duk mako daga Turai da Amurka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 ba sa sayuwa, sai bola. Wasu su toshe magudanun ruwa, wasu su taru a bakin teku. Dalili kuwa, a can ana ɗinka kaya masu araha barkatai, a sa sau kaɗan a jefar. Yawancinsu na roba ne, irin yadin da muke ce wa leda, wanda daga man fetur ake yin zarensa, ga shi ba ya ruɓewa sai bayan shekaru masu yawa.

Arahar nan kuma wani ne ke biyan ta. A shekarar 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangaladash a kan masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka kaya. Fiye da mutum 1,100 suka rasu, akasarinsu mata 'yan'uwanmu. Sannan ga ruwa: an ƙiyasta 'yar shimi guda ta auduga tana cin ruwa lita 2,700 daga gona zuwa shago. Jarka 108 ke nan mai cin lita 25. Wadda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ta san nauyin wannan lissafi.

To, mene ne maganin da aka koya musu? A sayi kaɗan mai kyau, a yi faci idan ya yage, a sake rina wanda ya koɗe, a koma ga auduga da rinin ganye. Har ma a Faransa, a shekarar 2023, an ɓullo da tsarin rage wa mutum kuɗin gyara idan ya kai tufafinsa ko takalminsa a gyara masa.

Da yarinyar nan ta zayyana wa kakarta wannan, tsohuwa ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Ke 'yar nan, ashe sai da kika hau jirgi kika ji abin da ke cikin adakata?" Ta buɗe ta fito da zanen saƙi na aurenta, baƙi wuluk, ko zare ɗaya bai saki ba.

Gaskiyar tsohuwa. Yankinmu na Funtuwa ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Iyayenmu suna cikin kulle suke gurza auduga, su shiɓe ta, su dangwali alli su murza mazari, su fitar da zare da abawa. Masaƙa su saƙa, marina su rina da baba da toka, a kai mabuga ya yi sheƙi. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau baƙi na zuwa kallonta. A birnin Zariya kuma akwai matan gida da suka haɗa ƙungiyar ɗinkin hannu mai sunan Sarauniya Amina, aikinsu ya kai har ƙasashen waje.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin yana kuɓuce mana. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A gidajenmu kuwa, 'yan mata nawa suka iya riƙe mazari? Duk tsohuwar da ta rasu ba a koya wurinta ba, ta tafi da iliminta ke nan.

Ga abin da nake ba mu shawara. Na farko, anko. Biki uku a wata, turmi uku, wata har da bashi ko ta cinye kuɗin adashi, alhali sau ɗaya za a ɗaura. Uwar biki, ki zaɓi launi kawai, kowa ta ɗauko nata a akwati. Na biyu, ki san abin da kike saye. Ki zare zare ɗaya daga bakin yadi ki kai shi ga ashana: auduga takan ci ta zama toka mai ƙaurin takarda, leda kuwa narkewa take ta dunƙule. Kada kuma a ƙona tsumman leda a tsakar gida, hayaƙinsa na cutar da ƙirjin yara. Na uku, ki juya atamfa ki shanya ta a inuwa don kada ta koɗe, wadda ta koɗe a aika marina. Ƙyallayen ɗinki a harhaɗa su a yi rigar matashi ko shimfiɗar jariri, ga amfani ga 'yan kuɗin kashewa. Na huɗu, ki tura 'yarki wurin tsohuwar unguwa ta koyi kaɗi ko ɗinkin hannu, ko da na awa guda ne bayan la'asar.

Ba cewa nake kada yara su fita neman ilimi ba. Su je, idonsu ya buɗe. Sai dai musaya ba a zuwa mata hannu rabbana. Wadda ta je da sanin kaɗi da rinin baba, ita ma malama ce a can. Ita 'yar tawa yanzu duk hutu tana gaban kakarta da mazari, zaren yana tsinkewa, tsohuwa na yi mata tsiya.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara, ku huta lafiya.