Jawabi Kan Rufin Motar Akori-Kura

Shugaban taro, iyayenmu da 'yan uwa mazauna birane, da yawanmu kan sayi akori-kura mu aika gida domin ƙannenmu su sami sana'a, amma mu manta da abin da za a rufe bayanta.

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kibiya, Rano da Kano ba kaya iri ɗaya take ɗauka ba. Yau buhunan dawa zuwa Dawanau, gobe kwandunan tumatir zuwa 'Yankaba, ta komo da siminti ko takin zamani. Ruwan Agusta guda ya isa ya daskarar da siminti, ya narkar da taki, direba ya kwana da bashi. Tumatir da awaki kuwa iska suke so. A kulle su a zafin Afrilu, an yi asara.

Murfin nan na 'yan birni ado ne kawai, ga tsada, ga hana lodi. A sa mai walda ya ɗora ƙarafa, a sayi tamfol mai kauri da igiya, a rufe in hadari ya taso, a naɗe in an ɗauko dabbobi. Kuɗinsa kuma a haɗa da na motar, kada a bar wa yaro.