A Buɗe wa Lauyoyin Kotu Ƙofar Aji

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Tarihin duk kun san shi: kwamitin Unsworth na 1959 kan horas da lauyoyi, dokar da ta biyo bayansa a 1962, sai Makarantar Horas da Lauyoyi ta buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai 8. Tun daga nan aka raba aiki, jami'a ta koyar da doka, makarantar lauyoyi ta koyar da sana'a. Wannan rabon shi ne abin da na daɗe ina rigima a kansa.

Mu yi lissafi. Ɗalibi yana shekara 5 a jami'a, sannan shekara 1 a Bwari ko Bagauda ko Yola. Cikin shekarar nan guda, a cire makonnin da ake tura shi kotu da ofishin lauya, inda sau da yawa ɗaukar fayil ne aikinsa, a cire lokacin haddar jarrabawa. A ɗan abin da ya rage ake so ya iya rubuta takardar rantsuwa, ya nemi beli gaban majistare, ya yi wa shaida tambayoyin ƙure, ya kuma zauna da bazawarar da aka danne wa tumunin takaba ya tatso zancenta da Hausa ya mayar da shi ƙara. Tsarin da aka yanka wa mutum 8 shi ake sa wa dubbai yau. Shekara 5 ɗin can kuwa, da ke da sarari, mun bar ta ga karatun allo.

Wa zai koyar da sana'ar? Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci yin wata sana'a ban da noma. Har gobe ana jayayya ko sassaucin da aka yi wa malaman shari'a a 1992 na su riƙa yin aikin lauya yana nan. Amma jadawalin da kansa ya keɓe wanda ba cikakken lokaci yake aiki ba. Ke nan lauyan da ya yi shari'a da safe, ya shigo aji da la'asar, babu abin da ya tare shi sai mu.

Abokan aikina suna cewa ba shi da digirin digirgir. Shi ma maƙeri ba shi da shi, ɗansa kuma a maƙera yake koyon ƙira. Suna cewa yakan yi fashin aji idan kotu ta riƙe shi. To, a sa darasinsa da yamma.

Abin da nake nema ga majalisar jami'a: tun daga aji uku, kowane rukuni kada ya wuce ɗalibai 20, ƙarƙashin lauya mai zuwa kotu, har da masu aiki a kotunan shari'ar Musulunci. A ba darasin maki kamar dokar kwangila. Cibiyoyin taimakon shari'a da ƙungiyar NULAI ta yi ta fafutuka a kansu tun 2003 su shiga manhaja sosai. Alawus ɗin lauyoyin kuma a biya shi ƙarshen wata, ba bayan zango biyu ba.