Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Ƙungiyoyin Ƙasashe a Idon Mutumin Bakin Iyaka



Da aka ce in zo Matameye in yi magana a kan gyaran ƙungiyoyin ƙasashe, wani abokina ya yi dariya, ya ce wannan zance na ƴan kwat ne a Abuja da Niyok, ina ruwan mai sayar da rake da shi? Na ce masa ai mai raken ya fi su sanin zancen, domin abin da suka sa wa hannu a takarda, shi a jikinsa yake ji.

An kafa CEDEAO, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo. A 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza. Mu nan ba mu ga baƙon abu ba a cikinta. Tun kafin Faransa da Ingila su shata iyaka, kakanninmu ke auratayya da ciniki tsakanin Kance da Daura. Takardar ta zo ne ta halatta abin da jini ya riga ya ƙulla.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da Nijar, Najeriya kuma ta katse lantarkin da take ba mu, wanda ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Ba sai na ba ku labarin abin da ya biyo baya ba. A iyakar Ɗan Barto na ga manyan motoci jere, tamfol ya yi fari da ƙura, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kaya na lalacewa a sama. Na ga wata dattijuwa da ƙullin yaji da daddawa, ɗiyarta ta haihu a tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba. Sai da ta hau babur aka ratsa da ita ta cikin gonaki kamar mai fasa-ƙwauri. Haka aka zauna har 24 ga Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Cikin wata bakwai ɗin nan mulki bai koma hannun farar hula ba, kuɗin shinkafa da magani ne suka hau. Hausawa na kiran wannan an bar jaki ana dukan taiki.

Gyara na farko ke nan: kowace ƙungiya ta rubuta a dokarta cewa abinci da magani da lantarki ba sa shiga takunkumi. In za a hukunta, a kama sunan mai laifi, a taɓa asusunsa da tafiye-tafiyensa, a bar talaka ya kai majinyacinsa asibiti.

Na biyu, mudu ya zama ɗaya. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2001 ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba. To amma a taron Akara na 2015, da aka kawo shawarar kada shugaba ya wuce wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. A 2020 Alpha Condé na Gine da Alassane Ouattara na Kodibuwa suka yi tazarce zuwa wa'adi na uku, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Ita kanta Najeriya ta garƙame iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba wanda ya hukunta ta. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar nan ya san abin da ake yi wa mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa: ranar da aka gane shi, ko ya rantse da Alƙur'ani ba mai sake tsayawa gabansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana fama da wannan ciwo. A Disambar 2021, lokacin da Nijar ke shugabancin Kwamitin Sulhu, ita da Ailan suka kawo ƙuduri kan sauyin yanayi da tsaro. Ƙasashe 12 cikin 15 suka amince, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, shi ke nan. Tun 2005 Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin a kwamitin, har yau tana bakin ƙofa.

Na uku shi ne wanda na fi so ku tafi da shi gida: a buɗe wa talaka ƙofa. Kada fushi ya mantar da mu alherin da aka yi. A 2005 aka ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara kotun CEDEAO kai tsaye in an tauye masa haƙƙi. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a kan sefa jikka 240, ta bi ta wannan ƙofa. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun, tana zaune a Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta yanke a biya ta sefa miliyan 10. Mace ɗaya daga ƙauye ta tsaya gaban ƙasa sukutum ta yi nasara. Ranar nan ƙungiyar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. Amma majalisar dokokinta fa? Ba wanda ya taɓa jefa ƙuri'a ya zaɓi wakilinsa a cikinta, majalisun ƙasashe ne ke tura nasu. Alhali ƙungiyar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kayan da ake shigowa da su daga waje take rayuwa, kuɗin da duwan ke karɓa, mai sayen sukari da sabulu ya biya a ƙarshe. Ka ciyar da gida, a hana ka magana a cikinsa?

Na san wani zai ce, Malam, ai mun fita. Gaskiya ne, tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar CEDEAO, muna cikin ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Shi ya sa ma maganar ta fi shafarmu. Mai gina sabon ɗaki shi ya kamata ya duba inda tsohon ya yi yoyo. Tambayoyin nan uku AES ma sai ta amsa su: wa hukuncinta zai faɗa wa? Mudunta ɗaya ne? Ina ƙofar da irin su Hadijatu za su ƙwanƙwasa? Faɗin haka ba adawa ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma ko wace takarda aka yaga, Daura na nan inda take, ba wanda zai ɗauke ta. Nijar da Najeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta a Yamai. Me zai hana ƴan kasuwarmu, direbobinmu, makiyaya da ƙungiyoyin mata su rubuta mata, su nemi a riƙa zama da su kafin a taɓa iyaka? Ku ɗalibai, ku ke da alƙalami. Iyayenku na da labarin. Ku zauna da su ku rubuta abin da wata bakwai ɗin nan suka ci musu, gida-gida, jikka-jikka, ku miƙa inda ya dace. Wanda bai rubuta asararsa ba, gobe a teburin shawara za a ce ba a yi ta ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.