Amsar Wasiƙunku: Na Sauya Waya, Ina Lissafin Bashina Ya Shiga?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Makarfi ta fito, wurin wani mai lodin rake zuwa Kano. Ya ce ya sayar da wayarsa Tecno ya sayi iPhone, da ya buɗe WhatsApp sai ya tarar babu saƙonnin muryar da ke ɗauke da lissafin masu riƙe masa kuɗi, alhali kuwa kullum wayar tana yin ajiya. Masu tumatir a Ikara da Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan su ma sun aiko da irin wannan tambaya.

To Alhaji, kwantar da hankalinka. Rumbu biyu ne, kowanne da mabuɗinsa. Waya mai Android, irin su Tecno, Itel da Infinix, a Google Drive take zuba ajiyarta. Ita kuwa iPhone a iCloud take zubawa, kuma ba ta iya ɗebo abin da ke rumbun Google. Wato kayanka ba su ɓace ba, ƙofar ce ka sauya.

Ga yadda za ka yi. Nemi aron waya mai Android, ka sa layinka, ka shiga da adireshin Gmail ɗin da ka yi ajiyar da shi, sannan ka ɗora WhatsApp, zai tambaye ka ko ya dawo da saƙonnin. Daga nan akwai manhajar Move to iOS, wadda tun 2022 take kwashe hirar WhatsApp daga Android zuwa iPhone. Sai dai fa dole a goge iPhone ɗin ta koma kamar sabuwa kafin a fara, don haka kwashe abin da ke cikinta tukuna. Kada ka yi jinkiri, domin ajiyar da aka daɗe ba a sabunta ba ana iya share ta.

Sauran jama'a, ku riƙe abu uku. Na ɗaya, lambobin mutane ku fitar da su a fayil ɗin da ake kira VCF, wanda Android da iPhone duk suna karantawa. Na biyu, katin memori ba ya shiga iPhone, kuma ƙananan wayoyi masu tocila da yawa ba sa karanta wanda ya wuce 32GB. Na uku, kada ka miƙa tsohuwar waya ga mai saye sai ka ga komai ya bayyana a sabuwar da idonka.

Sannan lissafin bashi ku riƙa rubuta shi a littafi, da kwanan wata da sunan shaida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.