Kafin Ka Sayi Ƙaramar Kyamara, Saurari Wannan

Wannan jawabi wani mai sana'ar ɗaukar hoto ne ya yi shi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

Malaminku ya roƙe ni in zo in yi muku bayani a kan wannan 'yar aba da ke hannuna. Kyamara ce irin ta aljihu, wadda ba a sa mata fim. Ita ake kira dijital. Ya ce wasu daga cikinku suna son su saya in an sayar da amfanin gona. To, kuɗin gyaɗa da na wake da gumi aka same su. Shi ya sa na amsa kira.

Dattawan cikinmu sun san yadda ake yi da. Sai ka sayi fim mai hoto 24 ko 36. In ya cika ka kai birni a wanke. Sai ranar nan za ka san ko hoton ya yi kyau ko ya ƙone. Ita wannan kuwa, da ka ɗauka za ka gani a ɗan allon da ke bayanta. In bai yi ba, ka goge ka sake.

A shekarar 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson, na kamfanin Kodak a Amurka, ya haɗa irinta ta farko. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi. Hoto ɗaya, baƙi da fari, sai ya ci daƙiƙa 23 kafin ya shiga kaset. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fito da mai allo a baya. Zuwa 2010, a shekara ɗaya tak, kamfanonin Japan sun fitar da kyamarar dijital fiye da miliyan 120. Daga nan wayar hannu ta kashe musu kasuwa. Casio kansa ya daina yin irin wannan a 2018.

Me ya sa na kawo wannan tarihi? Domin ku sani yawancin waɗanda za ku gani a kasuwa na hannu ne, wani ya riga ya yi aiki da su. Wasu sun shekara goma ko fiye. Mai sayen na hannu kuwa dole ya buɗe ido.

Amma tukuna. In kana da babbar waya mai ɗaukar hoto sosai, watakila ba ka bukatar kyamara. Gaskiya ke nan, ko da yake sana'ata ce. Inda kyamara ta fi yawancin wayoyi shi ne jawo abin da ke nesa. Kuma ba ta cin cajin wayarka. Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya mallakar guda ɗaya, kowa ya ara ranar suna ko saukar karatu.

Da ka isa shago, mai kaya zai nuna maka lamba a jikinta, 12 ko 16 ko 20. Zai ce wannan megafiksel ne, mai yawa ta fi kyau. Kada wannan ya ruɗe ka. Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, kamar ƙwayar gero da aka baza a tabarma. Megafiksel ɗaya shi ne ɗigo miliyan ɗaya. Hoton da muke sawa a albam, mai inci 4 da 6, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai sun ishe shi. Saboda haka mai 8 ko 10 ta wadatar har ta yi yawa. Kada ka ƙara ko sisi saboda wannan lamba.

Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne zum, watau jawo abu kusa. Zum iri biyu ne. Akwai na gaskiya, wanda za ka ga idon kyamara yana motsi in ka danna. Ana rubuta shi 3x ko 5x. Akwai kuma na dijital, wanda tsakiyar hoto kawai yake yankowa ya buɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. Ka tambayi na farkon. Ku da kuka koyi haruffa, ku nemi W da T a saman kyamara ko bayanta. T tana jawowa, W tana mayarwa.

Sai batir. Nan ne mu mutanen karkara muke shan wuya. Wasu kyamarori suna cin batir irin na tocila ƙarama, wanda ake kira AA. Wasu kuma suna da nasu batir shafaffe, da cajarsa ta musamman. A ganina, in garinku ba wuta, mai AA ta fi, domin ko a teburin mai kayan koli za ka samu. Sai dai ka sani, batir mai araha ba ya jimawa a cikinta, wani lokaci ma ba za ta kunnu ba. Gara ka nemi irin wanda ake yi wa caji. In kuwa mai shafaffen batir ce, kada ka biya sai an haɗa maka da caja. Ka kuma duba ko batirin ya kumbura. Kumburarren batir ya mutu.

Na taɓa sayen wata don na ga araha. Mai shago ya ce caja ba wuya, ko'ina akwai. Wata uku ina yawo ban samu ba. Har yau tana cikin akwatina.

Hotuna suna zama ne a cikin ɗan kati da ake zurawa a gefe, wanda ake kira memori. Ka nemi kyamara mai cin katin SD, domin shi ne ake samu. Tsofaffin Sony da yawa suna cin wani kati mai suna Memory Stick. Tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma suna cin xD. Waɗannan yanzu samunsu sai an sha wahala. Haka kuma kyamarar da aka ƙera kafin 2006 sau da yawa ba ta karanta katin da ya wuce giga 2. Ka sa katin a gaban mai shago ka ga ya yi aiki.

Kafin ka miƙa kuɗi, kunna ta ka kashe kamar sau biyar. Idon ya fita ya koma ba tare da ƙara ko tsayawa ba. In yana maƙalewa, ajiye musu kayansu. Buɗe gidan batir ka leƙa. In ka ga wani fari-fari ko kore-kore kamar kanwa, batir ya taɓa zuba a ciki. Dubi gilashin idon a haske, kada ya zama da ƙarzuwa ko wani abu kamar yanar gizo. Ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai tabo. Ka gwada wutarta ma.

To, ka saya ka dawo gida. Juya ta zuwa inda aka rubuta AUTO, ka bar ta a nan, ita za ta auna haske da kanta. Ka sa igiyarta a wuyan hannu. Riƙe ta da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a jikinka. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi. Danna shi rabi ka dakata, sai ka ji ɗan ƙara ko ka ga kore a allo. Wannan ya nuna ta gane abin da kake nufi. Sannan ka ƙarasa dannawa a hankali. Mai dannawa da ƙarfi sau ɗaya shi ke samun hoto mai hazo.

Rana ta kasance a bayanka, ba a bayan wanda kake ɗauka ba, in ba haka ba fuskarsa za ta yi duhu. Da tsakar rana ka kai mutane inuwar bishiya ko ta zaure. Hantsi da la'asar sun fi kyau. Da dare, wutar kyamara ba ta wuce kamar taku huɗu. In ka tsaya nesa a wurin biki, duhu kawai za ka kwaso.

Akwai alamar fure a jikinta. Manoma, wannan taku ce. In ka danna ta, kana iya matsawa dab da ganyen tumatir ko na wake da cuta ta kama, ko tsutsar da ke cin masara, ka ɗauka sarai. Ka kai wa malamin gona ya gani da idonsa. Ya fi dogon kwatance. Mai shanu ma ya ɗauki kowace saniya ta gefe biyu ya ajiye, saboda ranar cigiya.

Babban abokin gaban kyamara a ƙasarmu ƙura ce, musamman da hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da idon. Ka sa ta a jakarta in ka gama. Kada ka goge gilashin da bakin riga, ka hure ƙurar tukuna sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Kada ka tura idon da yatsa. Kada ka bar ta a rana. In za ta daɗe ba aiki, cire batir.

Kada ka ɗauki mutum sai da izininsa, balle matan aure a cikin gida. Wannan ya sha haddasa rigima.

Akwai wata kalma da nake so kowa ya rubuta a littafinsa yanzu. Ga ta a allo: FORMAT. In ka gan ta a cikin kyamara, ja da baya. Tana share duk abin da ke cikin kati gaba ɗaya. Wani yaro a gidanmu ya taɓa danna ta yana wasa. A cikin katin akwai hoton goggona da na ɗauka ranar Sallah, ita da jikokinta. Ban wanke ba, ban kwafe ba, ina ta cewa gobe. Kafin wata Sallar Allah ya yi mata rasuwa. Yanzu ba mu da hotonta ko ɗaya.

Saboda haka duk hoton da kake ƙauna, kai katin wurin masu hoto a wanke maka a takarda. Ka sa a kwafe sauran a wani kati ko a waya. A bayan takardar ka rubuta sunayen mutanen da ke ciki, da gari, da shekara, tunda yanzu ka iya rubutu.

Ga tawa nan, zan miƙa ta ta zaga. Kowa ya sa igiyar a hannu kafin ya karɓa. Baba, bismilla, fara daga wajenka. Danna rabi tukuna.