Jawabin Ƙungiya Ga Direbobinmu Masu Jan Motocin Soja Na Gwanjo



Maganarmu ta yau a kan manyan motocin nan ne na soja da ake saye a gwanjo, irin su Bedford da Steyr da Mercedes da MAN. Jama'a, ita fa motar soja don daji da taɓo aka ƙera ta, ba don gudu a kwalta ba. Doguwa ce, nauyinta yana sama. In aka tula mata buhuna har suka wuce bodi, aka shiga kwana da gudu, sai kifewa.

Na farko, iska. Mai burkin iska kada ya tashi da asuba sai agogo ya nuna ta cika, kuma kullum a buɗe ƙasan tankin iskar a zubar da ruwan da ya taru.

Na biyu, gangare. Kowa ya san Ugwu Onyeama a hanyar Inugu zuwa Anaca, inda tankar mai ta kama da wuta a watan Janairun 2025, rayuka suka salwanta. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Don Allah a daina sakin mota a firi wai don a rage shan gas. Yawan taka burki yana ƙona shi, yana cinye iska, ka zo tsakiyar gangare ka taka ka ji wayam.

Na uku, taya. Motar da ta daɗe a ajiye a bariki, za ka ga haƙoran tayarta kamar sabuwa, alhali robar ta tsufa. Ku duba lambobi 4 da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sannan in an fito daga daji an hau kwalta, a cire giyar da ke juya ƙafafu duka.

Sai doka. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, don haka mai sitiyari a dama ba ya ganin gaba in zai wuce wata motar, kuma doka ta hana. Koren fentin soja ma an haramta wa farar hula tun 1977. A sake fenti kafin a hau titi.

'Yan'uwa, mu baƙi ne a nan, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ranar da direbanmu ya take ɗan gari, mai shayi da mai suya da mahauci duk ba su da kwanciyar hankali. Masu mota kuma, ku bar matsa wa direba ya kwana bisa sitiyari. In barci ya zo, a faka.

Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Wassalam.